SHEKARU DA HIKIMA

Jawabin Faston Ikkilisiya a sujadar godiya ta bikin cika shekara 50

Karatu: Ayuba 32:1-10, Littafin Ƙidaya 8:23-26, Zabura 90:12



  Godiya ta tabbata ga Allah Uba wanda ya kiyaye wannan ikkilisiya shekara 50 cur, ya kuma bar mu da rai har muka ga wannan rana.

GABATARWA

Sa'ad da iyayenmu suka fara taruwa a wannan wuri, Naira ba ta daɗe da fitowa ba, gama a 1973 ne ta maye gurbin fam da sule. Da yawa daga cikin waɗanda suke zaune a kujerun dattawa yau, a lokacin suna Makarantar Lahadi, waɗansu kuma sai da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976 suka shiga aji. Waɗanda suka ɗebo ruwa, suka kwaɓa ƙasa, suka ɗora jinkar majami'ar farko, yawancinsu sun riga mu zuwa wurin Ubangiji. Muna tunawa da su da godiya.

A ƙasarmu, mutumin da ya kai shekara 50 an daina kiransa yaro. Amma Hausa tana da kalmomi biyu da ya kamata mu lura da su. Akwai tsoho, akwai dattijo. Tsufa yawan kwanaki ne ke kawo shi, kowa ya daɗe zai same shi ko bai nema ba. Dattako kuwa hali ne: riƙe amana, danne fushi, faɗin gaskiya, sanin lokacin magana da lokacin shiru. Shi ya sa akan ga mai furfura a ce masa tsohon banza, a kuma ga saurayi a ce yana da dattako. A cikin ikkilisiya ma, waɗanda muke zaɓa su yi mana jagora dattawa muke kiransu, ba tsofaffi ba.

To, ga tambayar da muke so kowa ya koma gida da ita. Ikkilisiyarmu ta tsufa, kalanda ta shaida haka. Amma ta yi hikima? Mu da muke cikinta, shekarunmu sun ƙara mana hikima, ko kuwa furfura kawai suka ƙara mana?

1. ABIN DA SHEKARU SUKE BAYARWA

Kada kowa ya yi zaton mun zo mu rena tsufa. Littafi Mai Tsarki bai rena shi ba. A Littafin Firistoci 19:32 Allah ya umarci jama'arsa su miƙe tsaye a gaban mai furfura, ya kuma haɗa wannan umarni da tsoronsa. Ayuba 12:12 ya nuna cewa a wurin waɗanda suka daɗe a duniya ake sa ran samun fahimi. Iyayenmu ma sun ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Abu na farko da shekaru suke ba mutum shi ne ganin ƙarshen al'amura. Yaro yakan ga farkon abu ya yi murna, tsoho kuwa ya taɓa ganin inda irin wannan abu ya ƙare. Tsohon manomi ba ya gaggawar fitar da irinsa duka saboda ruwan farko, domin ya taɓa yin shuka ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. Uwa a Zumuntar Mata wadda ta yi shekara 40 a ɗakin aure, idan amarya ta zo mata da kuka ta ce za ta kwashe kayanta, ta san irin faɗan da yake wucewa da kwana biyu, ta kuma san irin wanda dole a kira fasto da dattawa. Ba a koyar da wannan a makaranta.

Rehobowam ɗan Sulemanu ya rena wannan gani, ya kuwa sha wuya. A 1 Sarakuna 12 jama'a suka zo Shekem suna roƙo ya rage musu nauyin da mahaifinsa ya ɗora musu. Dattawan da suka yi wa Sulemanu hidima suka ba shi shawara ya sassauta, ya yi musu magana mai daɗi, su kuwa za su bi shi har abada. Ya bar tasu, ya ɗauki ta abokan da suka yi girma tare, ya amsa wa jama'a da gatse da barazana. A rana ɗaya kabila 10 suka balle, mulkin bai sake haɗuwa ba. Abin lura kuma, 1 Sarakuna 14:21 ya gaya mana shekarunsa 41 sa'ad da ya hau gadon sarauta. Ashe mutum yana iya wuce 40 yana nan da kunnen yaro.

Abu na biyu shi ne sanin kai. A Yahaya 8, sa'ad da aka kawo matar da aka kama da zina, Yesu ya ba wanda ba shi da zunubi izinin fara jifa. Aya ta 9 ta nuna cewa manya ne suka fara zamewa. Wanda ya daɗe a duniya ya fi sanin abin da ke cikin zuciyarsa, don haka ya kamata hannunsa ya fi nauyin ɗaukar dutse.

2. ABIN DA SHEKARU BA SA BAYARWA

Yanzu mu koma ga karatunmu na farko. Abokan Ayuba uku, wato Elifaz, da Bildad, da Zofar, manya ne masu shekaru. Sun yi ta magana sura bayan sura, suna nace wa Ayuba cewa lalle wani zunubi ne ya jawo masa wahala. Elihu yana gefe yana ji, bai sa baki ba domin sun girme shi. Wannan ladabi ne, muna kuma so matasanmu su lura da shi. Da ya ga maganarsu ta ƙare ba su warware kome ba, sai ya buɗe baki. Ya ce da yana tsammani yawan shekaru ne yake koya wa mutum hikima, amma ya gane Ruhun Allah a cikin mutum ne yake ba da ganewa. A Ayuba 42:7 Allah da kansa ya tsauta wa manyan nan uku domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Har sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Sulemanu ya fi kowa nuna mana wannan al'amari. Yana saurayi a Gibeyon, Allah ya ba shi dama ya roƙi abin da yake so. Ya ɗauki kansa kamar ƙaramin yaro wanda bai san hanya ba, ya roƙi zuciya mai ganewa (1 Sarakuna 3). Amma 1 Sarakuna 11:4 ya nuna cewa a kwanakin tsufansa ne matansa suka karkatar da zuciyarsa ga gumaka. Ya sami hikima yana yaro mai tawali'u, ya zubar da ita yana tsoho mai dukiya da suna.

Haka kuma Asa, sarkin Yahuza. A farkon mulkinsa ya rushe bagadan gumaka, ya dogara ga Ubangiji a yaƙi, ya ci nasara a kan rundunar da ta fi tasa yawa. A shekara ta 36 ta sarautarsa kuwa, da Ba'asha sarkin Isra'ila ya matsa masa, sai ya kwashi azurfa da zinariya daga Haikali ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya domin ya taimake shi. Annabi Hanani ya zo ya tsauta masa, shi kuwa ya husata ya jefa annabin a kurkuku. A shekara ta 39 ciwon ƙafa ya kama shi, duk da haka bai nemi Ubangiji ba (2 Tarihi 16). Shekara 35 na tafiya mai kyau ba su hana shi tuntuɓe a ƙarshe ba.

Mene ne ya haɗa waɗannan mutane? Mai Hadishi 4:13 ya ba da amsa. A can an fifita matalaucin saurayi mai hikima a kan tsohon sarki wawa, an kuma faɗi abin da ya mai da sarkin wawa: ya daina karɓar gargaɗi. Ranar da mutum ya kai matsayin da ba mai iya ce masa ya yi kuskure, ko matarsa, ko fastonsa, ko 'ya'yansa, a ranar hikimarsa ta fara raguwa, ko da shekarunsa suna ƙaruwa. Wannan gaskiya ce ga mutum ɗaya, gaskiya ce kuma ga ikkilisiya.

3. DARASI DAGA TARIHIN BISHARA A ƘASARMU

A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara cikin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, wato har da wannan yanki namu. Su ne Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, Bingham ma shekararsa 20. Wani babban ɗan mishan da suka tarar a Ikko ya gargaɗe su cewa ba za su kai ba. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki na SIM ne ECWA ta fito a 1954.

Wa ya yi gaskiya, babban ko samarin? Babban ya ga hatsari, hatsarin kuwa na gaske ne, kaburbura biyu sun shaida. Amma bai ga abin da Allah zai yi ba. Samarin sun ji kira, amma ba su san ƙasar ba. Da an bi ta babban kaɗai, da ba a tashi ba. Da kuma ba a koyi kome daga mutuwar na farko ba, da an yi ta binne samari a banza. Kada mu manta kuma, mahaifiyar Gowans ce a birnin Toronto ta fara ɗora wa Bingham nawayar wannan ƙasa, bayan rasuwar ɗanta ma ba ta janye ba. Ƙafar samari ce ta yi tafiya, addu'ar uwa tana bayansu.

A cikin namu mutane, mu tuna da Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi. An haife shi a 1936. Ya zama Babban Sakataren ECWA a 1967 yana da shekara 31 kawai. A 1973 aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Ya yi ta gargaɗin ikkilisiyoyin Afirka su tsaya a kan Littafi Mai Tsarki, su kuma horar da malamansu da kyau. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a ƙasar Kenya a watan Disamba 1975, yana da shekara 39. Bai yi furfura ba, amma har yau ana karanta rubuce-rubucensa a makarantun tauhidi. Mu lura da wannan kuma: dattawan wancan zamani ne suka yarda suka danƙa wa ɗan shekara 31 irin wannan aiki. Hikimarsu ce ta buɗe wa tasa hanya.

4. INA TUSHEN HIKIMA?

Karin Magana 9:10 ya sa tsoron Ubangiji a matsayin mafarin hikima. Yakubu 1:5 ya ce wanda ya rasa ta ya roƙi Allah, bai kuwa sa iyakar shekaru ba. Karin Magana 16:31 ya kwatanta furfura da rawani, amma ya nuna cewa a hanyar adalci ake samun wannan rawani. A Zabura 90:12 Musa bai roƙi ƙarin kwanaki ba. Ya roƙi Allah ya koya mana lissafin kwanakin da muke da su, domin zuciyarmu ta yi hikima.

Shekaru kamar gona suke. Mai shekara 70 yana da gona babba, mai shekara 20 yana da ƙarama. Amma girman gona ba ya cika rumbu. Gonar da aka bari shekara 50 ba noma, ƙaya da sabara za a tarar a ciki, ƙaramar gonar da aka yi wa taki da noma kuwa za ta ciyar da gida. Noman shi ne karanta Maganar Allah, da addu'a, da tuba, da karɓar gyara, da yin tunani a kan abin da ya same mu. Mutum biyu za su iya shan wahala iri ɗaya, ɗaya ya fito da haƙuri da tausayi, ɗaya ya fito da ɗacin rai. Shekarunsu ɗaya, girbinsu dabam.

Marubucin Ibraniyawa ya yi kuka da waɗansu masu bi a sura 5:12. Bisa ga daɗewarsu ya kamata a ce sun zama masu koyarwa, amma har yanzu madara ake ba su. Kowannenmu ya tambayi kansa: shekara nawa ke nan da yi mini baftisma, wa na koya wa? Yakubu 3:17 ya ba mu ma'auni. Hikimar da take daga sama tana da tsarki, tana son salama, tana da sauƙin kai, tana jin shawara, tana da jinƙai, ba ta nuna bambanci. Idan taron kwamitinmu yana ƙarewa da gaba, idan ana zaɓen dattawa bisa ga kabila ko dangi, to, da sauran noma a gonarmu.

5. LAWIYAWA DA SHEKARA 50

Mun saba jin Littafin Firistoci 25 a irin wannan biki, inda shekara ta 50 take shekarar 'yanci da mayar wa kowa gādonsa. Amma akwai wani wuri da ya ambaci 50 wanda ba mu cika karantawa ba. A Littafin Ƙidaya 8:23-26 Allah ya ce Balawe zai fara aiki a alfarwa ta sujada yana da shekara 25, idan ya kai 50 ya sauka daga aiki mai nauyi. Ba a kore shi ba. An ce ya zauna tare da 'yan'uwansa yana taimakonsu da tsaro da lura. Kafaɗar da take ɗaukar kaya ta canja, amma idon da ya san yadda ake ɗauka yana nan kusa.

Ba muna cewa duk wanda ya kai 50 a cikinmu ya ajiye aiki gobe ba. Kalibu yana da shekara 85 ya roƙi ƙasar tuddai ya kuwa ci ta (Joshuwa 14). Hannatu ta tsufa ƙwarai tana hidimar addu'a da azumi a Haikali, ta kuwa ga Mai Ceto da idonta (Luka 2). Abin da muke koya shi ne, Allah ya shirya aikinsa yadda za a riƙa miƙa shi tun mai miƙawa yana da rai da ƙarfin nuna hanya.

Barzillai ya gane wannan. Ya ciyar da sarki Dawuda a Mahanayim lokacin tawayen Absalom. Da sarki zai koma Urushalima, ya gayyace shi ya zo fada a riƙe shi. Barzillai ya ce shekararsa 80, bakinsa ba ya rarrabe daɗin abinci, kunnensa ba ya jin muryar mawaƙa, zai zama wa sarki kaya ne kawai. Sai ya gabatar da Kimham ya tafi a madadinsa (2 Sama'ila 19). Ya san iyakarsa, bai yi kishin na baya ba, ya kuma yi amfani da farin jininsa ya buɗe wa saurayi ƙofa. Wannan shi ne dattijo.

GARGAƊI

Ga iyayenmu dattawa, maza da mata. Mun ga ikkilisiyoyi inda mutum ɗaya ya riƙe littafin kuɗi ko mabuɗin ofis shekara da shekaru, ranar da ya kwanta ciwo aka rasa wanda ya san inda takardar fili take. Kada haka ta same mu. Kowane mai riƙe da aiki ya ɗauki matashi ɗaya ya koya masa. Abin da kuka sani game da iyakar filin ikkilisiya, da wanda ya ba da shi, da yadda aka fara, ku faɗa a rubuta tun kuna nan. Idan matashi ya kawo shawara a taro, a saurare shi har ya gama kafin a tambayi shekarunsa. Ku iyaye mata, Titus 2:3-5 ya ba ku aikin koya wa ƙananan mata, ba wanda zai yi shi a madadinku.

Ga 'ya'yanmu matasa. Kun yi karatun da iyayenku ba su samu ba, waya tana hannunku, kuna iya samo amsar tambaya kafin tsoho ya gyara zama. Amma tara labari dabam, hikima dabam. Waya ba ta san halin gidan da kake neman aure ba, ba ta kuma taɓa binne ɗa ta ci gaba da bin Yesu ba. A cikin wannan majami'a akwai waɗanda suka yi haka. Ku je ku gaishe su, ku zauna, ku yi tambaya. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya bari a rena ƙuruciyarsa, hanyar da ya nuna masa kuwa ita ce ya zama abin koyi cikin magana da hali da tsarki (1 Timoti 4:12). A sura ta gaba ya hana shi tsauta wa dattijo da zafi, ya ce ya roƙe shi kamar uba. Ku yi koyi da Elihu wajen jira, ku yi koyi da shi wajen faɗin gaskiya.

Ga ikkilisiya duka. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi iyayenmu suka san Almasihu. Yau waɗansu 'ya'yanmu sun fi sakewa da Turanci, kiɗan da suke so ma ya bambanta da namu. Kada wannan ya raba mu gida biyu, tsofaffi a sujada ɗaya, matasa a wata, ba mai sanin sunan wani. Ikkilisiyar da ba ta da tsofaffi za ta maimaita kuskuren da aka riga aka yi. Wadda ba ta da matasa kuwa, ba wanda zai yi mata bikin shekara 100.

KAMMALAWA

A Ezra 3:10-13, sa'ad da aka aza harsashin Haikali na biyu, tsofaffin da suka ga na farko suka fashe da kuka, sauran jama'a suna sowa don murna. Muryoyin suka gauraye har ba a iya rarrabe su, aka kuwa ji su daga nesa. Yau ma a cikinmu akwai masu hawaye domin sun tuna da waɗanda ba sa nan, akwai masu murna domin abin da ke gaba. Dukanmu a kan harsashi ɗaya muke tsaye, wato Yesu Almasihu, wanda Bulus ya kira shi hikimar Allah a 1 Korantiyawa 1:24.

Bari Ubangiji ya ba dattawanmu kunnen da yake jin gyara har ƙarshe, ya ba matasanmu zuciyar da take neman shawara, ya sa waɗanda za su taru a nan bayan wata shekara 50 su tarar da bangaskiyar da aka danƙa mana ba ta ragu ba. Allah ya sa albarka ga wannan biki, ya mai da kowa gidansa lafiya, a cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.